Faɗa A Wasan Intanet: Ina Iyakar Wasa, Ina Farkon Zalunci?

Iyaye da yawa a yau suna ganin 'ya'yansu sun duƙufa a kan waya ko kwamfuta har tsakar dare. Wani lokaci ka ji yaro ya yi ihun murna, wani lokaci kuma ya ajiye wayar da fushi yana cewa, "An kashe ni." Uban da bai san kan al'amarin ba yakan ɗauka na'ura ce ta ci yaron. Sau da yawa kuwa wanda ya yi kisan mutum ne mai rai, yana zaune wataƙila a Jamus ko Barazil, yana kuwa sane sarai cewa wani ɗan Adam ne ya ɓata wa rai. Wannan shi ne batun da nake so mu tattauna a wannan fili, domin ya shafi tarbiyyar matasanmu fiye da yadda muke zato.

Bari mu fara da bayanin wasan kansa, saboda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Kamfani yakan gina wata duniya ta almara a cikin manyan kwamfutocinsa, mai birane da dazuzzuka da koguna da dodanni. Duk mai son shiga sai ya ƙirƙiri jarumi nasa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a: mai takobi, ko maharbi, ko mai sihiri, ko mai warkarwa. Jarumin yakan fara ne da rauni, ba shi da kome sai 'yar riga da ɗan makami. Sannu a hankali, ta wurin kashe dodanni da cika aike-aiken da aka ba shi, yana hawa mataki bayan mataki, yana tara sulke da makamai da kuɗin wasa. Wannan tarin yakan ci watanni, wani lokaci ma shekaru. Dubban mutane ne kuwa a cikin duniya ɗaya a lokaci guda, suna ciniki, suna kafa ƙungiyoyi, suna ƙulla abota.

Faɗa a waɗannan wasanni iri biyu ne. Akwai faɗa da dodanni, waɗanda kwamfuta ce take juya su, ba su jin zafi, ba su riƙe kowa a zuciya. Akwai kuma faɗan ɗan wasa da ɗan wasa, wanda Turawa suke taƙaitawa da haruffa uku, PvP. A nan ne gardama take.

Ra'ayina

Ni dai ban ga laifin gwada ƙarfi tsakanin 'yan wasa ba, muddin duka biyu sun yarda, ƙarfinsu kuma bai yi wa juna nisa ba. Abin da na ƙi shi ne farautar marar ƙarfi wanda bai shigo faɗa ba, don kawai a ji daɗin ɓacin ransa. Wannan zalunci ne, ko da dokar wasan ta halatta shi, ko da jinin da aka zubar na zane ne.

Mu da muka san dambe ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. A filin dambe, in an kai mutum ƙasa "kisa" ake cewa, alhali kuwa ba wanda ya mutu, gobe ma za a ga wanda aka kashe ɗin ya sake naɗe hannu. Amma dambe yana da ƙa'ida. Ɗan dambe yakan fito ya nemi abokin karawa, wanda aka nema kuwa yana da damar ya ƙi. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare, a raba su. A ce shahararren ɗan dambe ya tare yaro a hanyar kasuwa ya naushe shi, ya ƙwace tallarsa, ya kuma tsaya a kansa yana jiran ya tashi ya ƙara masa, ba makaɗin da zai wasa shi. Sunansa ɗan fashi. To, wannan aikin na biyu shi ne abin da wasu matasa suke kwana suna yi a intanet, suna kiransa bajinta.

Abin da ya faru a Ultima Online

Tarihin waɗannan wasanni ya riga ya gwada maganar. A shekarar 1997 kamfanin Origin Systems na Amurka ya fito da wasan Ultima Online, ɗaya daga cikin na farko da suka tara dubban mutane a duniya guda. Masu ginin sun bar kowa da halinsa. Da zarar mutum ya fita daga birni, inda dogarai suke tsaro, kowa yana iya far masa, ya kashe jaruminsa, ya kwashe duk abin da ke jikin gawar. Sun yi fatan jama'a za su tsare kansu da kansu, nagari su haɗu su kori miyagu.

Tun kafin a buɗe wasan ga kowa alama ta nuna. A watan Agusta na 1997, lokacin gwaji, mai wasan da kansa, watau Richard Garriott, ya shiga da jaruminsa Lord British, sarkin ƙasar, domin ya yi wa jama'a jawabi. An manta ba a mayar masa da kariyar da take hana shi mutuwa ba. Sai wani ɗan wasa mai laƙabi Rainz ya jefa masa wutar sihiri, sarki ya faɗi matacce a gaban talakawansa. An yi ta dariya, amma darasin a fili yake: duk abin da aka bari a buɗe, wani zai aikata shi.

Bayan an buɗe wasan, makasa suka yi dandazo a hanyoyi da bakin ramukan haƙar ƙarfe. Mutum zai kwashe sa'o'i yana haƙa ko yana saran itace, a kan hanyar komawa gari a tare shi a raba shi da kome. Kamfanin ya gwada magunguna iri-iri. Ya mai da sunan mai yawan kisa ja domin kowa ya gane shi daga nesa, ya sa dogaran birni su far masa, ya ba da damar a sa lada a kansa. Duk da haka kisan bai tsaya ba, wasu ma jan sunan ya zama musu abin taƙama. Ana nan sai wasan EverQuest ya fito a 1999, wanda a yawancin duniyoyinsa ba a iya taɓa mutum sai da yardarsa, ya kuwa zarce Ultima Online a yawan jama'a. A shekarar 2000 sai Origin ya raba duniyarsa biyu: Trammel, inda ba a far wa kowa sai ya yarda, da Felucca, inda aka bar tsohuwar doka. Yawancin jama'a suka kwashe kayansu suka koma Trammel. Ashe da ma ba son faɗan suke yi ba, rashin mafita ne ya zaunar da su.

Wani masani ɗan Ingila, Richard Bartle, wanda yana cikin mutum biyu da suka gina kakan waɗannan wasanni a Jami'ar Essex tun wajen 1978, ya riga ya hango haka. A wata maƙala da ya rubuta a 1996 ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman ɗaukaka, masu yawon bincike, masu neman abokan hira, da makasa. Ya nuna cewa idan makasa suka yi yawa, masu neman abokan hira ne suke fara guduwa, in kuwa abin farauta ya ƙare, makasan ma sai su watse. Kura ta cinye garke, ita ma yunwa tana jiranta.

Kamfanonin da suka biyo baya sun yi ta maimaita wannan karatu. Wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010. Ya raba jama'a ɓangare biyu masu gaba da juna, Alliance da Horde, ya kuma ware wasu duniyoyi domin masu son faɗa a ko'ina. A can ne wani daji mai suna Stranglethorn Vale ya yi ƙaurin suna, gama manyan jarumai sukan zo su kashe ƙanana, su tsaya a kan gawa suna jiran mai ita ya farfaɗo su sake kashe shi. A 2018 Blizzard ya soke wannan rabo a babban wasansa, ya ba kowa maɓalli: in kana son yaƙi ka kunna, a ƙara maka ɗan lada, in ba ka so ka bar shi a kashe. Kamfanin Amazon ma ya tsara wasansa New World a kan faɗa a ko'ina, amma da ya ga yadda ƙwararru suke farautar sababbin shiga a lokacin gwaji, sai ya sauya tsarin tun kafin wasan ya fito a 2021.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne mu saurari masu son wannan faɗa, domin suna da hujja. Sun ce dodon kwamfuta wawa ne, in ka gane dabararsa sau ɗaya ka gama da shi har abada, amma ɗan Adam kullum da sabuwar dabara yake zuwa. Sun ce inda ba hatsari ba daɗin nasara, dukiyar da ba mai iya ƙwace ta kuwa ba ta da daraja. Akwai gaskiya a ciki.

Wasan RuneScape na kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila ya tabbatar da haka. A arewacin taswirar wasan akwai wani daji da ake kira Wilderness, inda a da aka halatta kisa. A watan Disamba na 2007 kamfanin ya hana kisan 'yan wasa a dajin, domin ya toshe hanyar masu sayar da kuɗin wasa da kuɗin gaske. Jama'a suka yi ca. Aka kwashe shekara uku ana ƙorafi, har aka kaɗa ƙuri'a, aka sami ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya, kashi 91 cikin ɗari suka ce a mayar. A watan Fabrairu na 2011 aka mayar da dajin yadda yake.

Amma mai karatu ya lura da irin dajin da suka nema. A wancan lokaci yana da iyaka sananniya, har da rami da sai mutum ya tsallaka da gangan bayan an gargaɗe shi. A bakin dajin, wanda matakinsa ya yi kusa da naka ne kaɗai zai iya taɓa ka, sai ka nutsa ciki sannan tazarar take faɗaɗa. Wanda ya fara kai hari kuwa akan ɗora masa alamar ƙoƙon kai, in ya mutu ya rasa duk abin da yake ɗauke da shi, alhali wanda aka far wa yakan tsira da kayansa uku mafi tsada. Watau mai neman faɗa shi ne ya fi sa kansa a hatsari. Wasan Albion Online na wani kamfani a Balin, wanda ya fito a 2017 ya kuma hau waya a 2021, shi ma da launi ya raba ƙasarsa: shuɗin yanki lafiya lau, rawaya akwai faɗa amma ba a kwashe maka kaya, ja da baƙi kuwa ka shiga da sanin za ka iya fitowa tsirara. Wannan duk ƙoƙari ne na gina filin dambe mai da'ira, wanda kowa ya san lokacin da ya taka cikinsa. Da irin wannan ba ni da ja.

"Ai doka ta yarda"

Sai dai ba dokar da za ta iya rufe kowace ƙofa, a nan ne kuwa halin mutum yake bayyana. A shekarar 2006 wata 'yar wasan World of Warcraft ta rasu, rasuwa ta gaske. Abokanta na cikin wasan, waɗanda suke warwatse a garuruwa dabam-dabam, suka shirya taron tunawa da ita a bakin wani tafki a yankin Winterspring. Suka sanar da lokaci, suka roƙi kada a dame su. Da yawansu suka zo ba shirin yaƙi, suka yi layi domin ban kwana. Sai wata ƙungiya ta ɗaya ɓangaren, mai suna Serenity Now, ta auka musu, ta karkashe su, ta ɗauki bidiyon abin ta watsa wa duniya.

Masu kare ƙungiyar suka ce ba ta karya doka ba, yankin na yaƙi ne, masu makokin su suka zaɓi wurin. Gaskiya ne ba ta karya dokar wasa ba. Amma jaruman da suka faɗi na zane ne, baƙin cikin da aka yi wa ba'a kuwa na gaske ne. Daɗin da maharan suka ji bai fito daga ƙwarewar yaƙi ba, gama ba wani yaƙin kirki da aka yi. Ya fito ne daga sanin cewa akwai masu hawaye a bayan allon. Mutumin da ya ce abin wasa ne kawai, alhali zafin da wani ya ji shi ne ainihin abin da ya je nema, yaudarar kansa yake yi.

Ga wani misali mai nauyi. Lokacin da tattalin arzikin Benezuwela ya durƙushe, kuɗin ƙasar ya zama kamar takarda, mutane da yawa a can suka shiga Old School RuneScape, watau tsohon fasalin wasan da aka farfaɗo da shi a 2013. Sukan kwana suna kashe korayen dodanni a cikin dajin nan, su tara kuɗin wasa su sayar a ba su dala, su ci abinci. Ba shakka wannan ciniki ya saɓa wa dokar kamfanin, kamfanin kuwa yana da ikon ya rufe musu asusu. Amma a 2017 sai ga wani ya rubuta jagora a kan yadda za a gane su a kashe su, har da zagin da za a yi musu da harshen Sifaniyanci. Ga wanda ya yi kisan, nishaɗin maraice ne. Ga wanda aka kashe, wataƙila abincin iyali ne na wannan rana. Ba ka san wanda yake riƙe da jarumin da ke gabanka ba. Yana iya zama yaro ɗan shekara 12, ko majiyyaci da ba ya iya fita waje, ko magidanci mai neman na cefane.

Fin ƙarfi ma ba ya ɗorewa, ko a duniyar almara. A ƙasar Koriya ta Kudu, a wasan Lineage II, wata ƙungiya mai suna Dragon Knights ta mamaye duniyar da ake kira Bartz. Ta riƙe fadoji, ta ƙara haraji, ta hana ƙanana shiga wuraren farauta masu albarka, duk wanda ya yi gardama a kashe shi. A 2004 sai talakawa suka tashi. Mutane daga wasu duniyoyin wasan suka ƙirƙiri sababbin jarumai marasa sulke, suka yi ta kwararowa suna tare hanya da jikinsu, ana kashe su suna dawowa, har aka karya azzaluman. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin takaici, waɗanda suka yi nasarar ba su daɗe ba suka ɓata a kan rabon ganima, tsofaffin azzaluman kuma suka sake ɗagowa. Wasan dai madubi ne, halin ɗan Adam yake nunawa.

Ga matasa da iyaye

Ya kai saurayi ko budurwa mai wannan wasa, kafin ka zare takobi ka yi wa kanka tambaya uku. Ta farko, wannan mutumin ya shigo faɗa ne da saninsa, ko kuwa yaudararsa aka yi ya tsallaka iyaka? Ta biyu, yana da wata dama ta ya ci ni, ko kuwa na san ƙarshen faɗan tun kafin a fara? Ta uku, in ya faɗi, zan ƙyale shi ya tashi ya kama gabansa? Idan amsoshin sun yi daidai, ka yi faɗanka da iyakar gwanintarka, in ka ci kada ka yi zagi, in an ci ka ka yaba wa wanda ya fi ka. Wasanni da yawa suna da filayen gasa inda ake haɗa tsara da tsara. Mai son a san shi jarumi ne can ya kamata a gan shi.

Kada kuma ka ce hali na cikin wasa dabam, na waje dabam. Ban ce wanda ya kashe jarumin zane zai fita ya kashe mutum ba. Abin da nake cewa shi ne zuciya ɗaya gare ka, abin da ka saba mata shi za ta riƙe. Wanda ya kwashe sa'a uku kowane dare yana koya wa kansa jin daɗin kukan marar ƙarfi, a inda ba wanda ya san sunansa, yana gina wani abu a cikinsa da ba ya mutuwa in an kashe waya. Gwajin mutum na gaske shi ne abin da yake yi sa'ad da yake da iko, ba kuwa mai ganinsa.

Ku kuma iyaye, ƙwace waya ba ya koya wa yaro kome sai ɓoyo. Ku zauna kusa da shi ku ce ya nuna muku wasan. Ku tambaye shi wa ya kashe yau, mutumin ya kai shi ƙarfi ko bai kai ba, me kuma ya rubuta masa bayan faɗan. Ku tambaya ko ana sa kuɗi a kan faɗan, gama inda aka fara sa kaya a ci ko a cinye, caca ta shigo. Kamfanin Jagex da kansa ya rufe filin karawa na Duel Arena a Old School RuneScape a 2022 saboda irin wannan. Idan kuwa ɗanku ne ake farauta kullum har yana kwana da baƙin ciki, ku nuna masa cewa barin wurin ba ragwanci ba ne, akwai yankunan lafiya da aka tanada domin haka.

Kamfanonin nan sun kwashe shekara fiye da ashirin suna asarar jama'a kafin su gane cewa faɗan da ba yarda a cikinsa korar mutane yake yi. Su riba ce ta koya musu. Mu kuwa bai kamata mu jira asara ta koya wa 'ya'yanmu abin da kowane gida nagari ya sani tun fil'azal ba: ƙarfi amana ne, wanda aka ba shi kuma za a tambaye shi yadda ya yi da marar ƙarfi.